Rufe lambar IP a Wikipedia: kariya ce ko gata ga maɓarnata?

Malam Nasiru: Ni fa ban ga hikimar wannan sabon tsari ba. A da, duk wanda ya yi gyara a Wikipedia ba tare da asusu ba, lambar IP ɗinsa, wato adireshin da na'urarsa ke amfani da shi a intanet, ce ke fitowa a tarihin shafin, kowa na gani. Yanzu Gidauniyar Wikimedia mai kula da Wikipedia ta kawo asusun wucin gadi na kwana 90 da ake ba irin wannan mai gyara kai tsaye, an rufe lambar. Ai wannan an ba ɓarawo mayafi ne.

Hadiza: Malam, wanda ya yi rajista da sunan bogi fa? Tun fil azal lambarsa a rufe take, sai 'yan ƙalilan masu izinin bincike ke iya dubawa. Wanda asirinsa ke waje shi ne bawan Allah da ya ga an rubuta shekarar haihuwar wani ba daidai ba, ya gyara ya wuce. Bai san ya bar lambar da za ta nuna kamfanin da ke ba shi intanet da yankin da yake ba, kuma tana nan a tarihin shafin shekara da shekaru. Maɓarnaci mai wayo tuni ya buɗe asusu.

Malam Nasiru: To ki tuna 2007. Virgil Griffith ya ƙirƙiro manhajar WikiScanner, ya haɗa waɗannan lambobin da masu su, sai ga gyare-gyare daga kwamfutocin hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA da na Fadar Vatican, da kamfanonin da ke goge sukar da aka yi musu. Da lambobin a rufe suke, wa zai kama su?

Aliyu: Nan kam Malam ya yi gaskiya. Ko a 2005, da aka laƙa wa ɗan jaridar Amurka John Seigenthaler ƙaryar hannu a kisan Shugaban Amurka Kennedy a shafinsa na Wikipedia, ta lambar IP aka bi sawu har kamfanin da marubucin ƙaryar ke aiki a birnin Nashville na Amurka.

Hadiza: Yaya Aliyu, hujjata ka kawo ai. In mai neman gaskiya ya iya bin sawun nan, me zai hana jami'in gwamnatin da ba ta son a taɓa ta? Lamba ba ta tambayar niyyar mai dubawa. Kotun Tarayyar Turai ma tun 2016 ta ce lambar IP na iya zama bayanan sirri na mutum. Kuma ba a makantar da masu sintiri, wato editocin da ke sa ido kan ɓarna, ba, amintattu daga cikinsu suna da damar ganin lambar in akwai dalili.

Malam Nasiru: Amintattun wa? Ɗan jarida da mai bincike daga waje an rufe musu ƙofa ke nan.

Bashir: Ku bar wahalar da kanku. Masu Wikipedia ta harshen Fotugis sun kaɗa ƙuri'a a 2020, suka ce ba gyara sai da asusu. Shi ke nan.

Aliyu: A'a, Bashir. Su suna da ɗimbin editoci. Wiki mai editoci 'yan tsiraru in ta kori mai gyaran wucewa, daga ina za ta samu sababbi? Sannan lambar ma ba ta da tabbas kamar yadda Malam ke ɗauka. Kamfanonin waya kan ɗora mutane da yawa a kan lamba guda, a toshe mutum ɗaya, sauran su kwana a ciki.

Malam Nasiru: Wannan na toshewar na yarda da shi. Amma har yanzu ba wanda ya gaya min wa zai kama kamfani na gaba da zai wanke shafinsa.