Neman shawara: jinsin Gafawa da na ƙirƙira yana neman cinye mana wasa

Mai Jan Labari:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina jan wasan Dungeons & Dragons, wasan da mutum ɗaya ke jan labari sauran kuma kowa ya zama wani a cikinsa, bugu na biyar, da dokokin 2014, kuma duniyar da muke ciki ni na gina ta: birane masu ganuwa, ayarin fatake, rijiyoyi, dajin kuka. Ɗaya daga cikin 'yan wasana ta ce ita dai ba ta son elf mai dogon kunne, ba ta son tabaxi mai kamar kyanwa, tana son halittar da za ta ji kamar ta taɓa ganinta a bayan gida. Shi ne na ƙirƙiro mata Gafawa, mutane masu siffar gafiya. Namiji Bagafe, mace Bagafiya.

Ga abin da na ba su. Ƙanana ne, tsayinsu bai wuce ƙafa 3 ba. Suna tafiya ƙafa 30 a zagaye ɗaya, suna haƙa ƙasa su ratsa ta ƙafa 20. Suna gani a duhu har ƙafa 60. Duk abin da ya shafi sansana, ɗan wasa zai jefa ɗan ludo mai fuska 20 sau biyu ya ɗauki babban. Suna ɓoye kaya har laba 15 a kumatu, su fitar lokacin da suka so ba tare da hakan ya ci musu aikin zagayen ba. Na ƙara musu maki 2 a zafin nama, 1 a lura. A labari kuma na rubuta cewa ɓarayi ne tun kaka da kakanni, kowane gari yana ƙyamar su.

Yanzu ga damuwata. Na shirya musu kurkukun sarki da masu gadi da ƙofa uku, ina sa ran za su daɗe suna dabara. Bagafiyar nan ta nutse ƙarƙashin katanga, ta ɗauko mabuɗi a baki, ta dawo. Sauran 'yan wasan uku suna zaune suna kallo. A faɗa kuma sai ta kai sara ta shige ƙasa, ba mai iya taɓa ta. Abin da ya fi damuna shi ne ita kanta ba ta jin daɗi, domin duk kasuwar da suka shiga sai a riƙa yi mata kallon ɓarauniya, alhali mai magani take son ta zama. Me zan cire, me zan bari? Ba na son in kashe jinsin, na sa zuciyata a kansa.

Ɗan Zariya:

Wa alaikumus salam Malam. Haƙan nan shi ne matsalarka ta farko, kuma shi ne babba. Duba jinsuna tara da ke cikin littafin 'yan wasa na 2014, ba ko ɗaya da aka ba shi tashi sama ko ratsa ƙasa. Da aka fito da aarakocra masu fiffike, masu tashi ƙafa 50 tun daga mataki na ɗaya, masu jan wasa da yawa hana su suka yi, saboda sihirin tashi sai ɗan wasa ya kai mataki na biyar yake samun sa. To ratsa ƙasa ma ya fi tashi muni. Wanda ke sama ana iya harbin sa da kibiya. Wanda ke ƙarƙashin ƙasa yana da cikakkiyar kariya, ba kibiya, ba mashi, yawancin sihiri ma ba zai same shi ba tunda ba a ganin sa.

Kada ka cire haƙan gaba ɗaya, mayar da shi aiki mai cin lokaci. Bagafe ya iya haƙa rami mai tsawon ƙafa 5 a cikin minti 10, a ƙasa mai laushi, ban da dutse da daɓen siminti ko na marmara. Ka ga a faɗa ba shi da amfani, tunda zagaye ɗaya daƙiƙa 6 ne. Amma a kurkukun nan naka, za ta iya haƙawa, sai dai dole wani ya ɗauke hankalin mai gadi, wani ya kwashe ƙasar ya ɓoye ta, wani ya tsaya bakin ƙofa. Kowa ya samu abin yi.

Malamar Kimiyya:

Ƙanena, ni ta wajen dabbar zan zo maka, domin ita nake koyarwa. Ka ba Gafawa ido da hanci duka, alhali gafiyar gaske idonta ba shi da ƙarfi. Da dare take yawo, amma da hanci da kunne da gashin baki take gane hanya. Cire ganin duhun nan. Jinsuna da yawa suna da shi, ba zai bambanta naka da komai ba.

Hancin ne dukiyarka, kuma ba ka ma ba shi haƙƙinsa ba. Ƙungiyar APOPO, wadda aka kafa a 1997, tana horar da manyan gafiyoyin Afirka a Morogoro ta ƙasar Tanzaniya, su riƙa gano nakiyoyin da aka binne a ƙasa. Nauyinsu bai wuce kilo ɗaya da ɗan wani abu ba, don haka ko sun taka nakiya ba ta tashi. Akwai waɗanda aka koya wa gane tarin fuka a cikin majinar marasa lafiya. Wani daga cikin masu gano nakiya mai suna Magawa ya yi aiki a Kambodiya, ya gano nakiyoyi da sauran abubuwan fashewa sama da 100, aka ba shi lambar zinare a 2020, ya mutu a farkon 2022. Ladansu ayaba ne da gyaɗa.

Tunda 'yar wasanka mai magani take so, ai ga shi an kawo maka har gida. Bari Bagafiya ta iya sansana abinci ko ruwa ko numfashin mutum na minti ɗaya, ta gane ko akwai guba ko cuta. Bari ta gane tarkon da aka binne ta wurin wari. Sannan ka haɗa musu da rauni na gaskiya: gafiya ba ta jure zafin rana, shi ya sa masu aiki da su da sassafe suke fita da su. Ka ba su raunin hasken rana irin na drow, wato elf ɗin da ke zaune ƙarƙashin ƙasa.

Ɗan Maraɗi:

Anti, maganar hanci na yarda da ita ɗari bisa ɗari, amma raunin drow ɗin nan a'a. Dokarsa ita ce duk harin da aka kai a cikin hasken rana, sai an jefa sau biyu a ɗauki ƙaramin. Drow a kogo suke rayuwa. Duniyar Malam kuwa ta fatake ce, rana tun safe har magariba. Yarinyar za ta wuni tana saɓa sara, ta tsani wasan.

In zafi ake so, akwai dokar da ta fi sauƙi a littafin mai jan wasa: idan zafi ya kai digiri 100 a ma'aunin Amurka, wato wajen 38 a namu, kuma babu ruwan sha, kowa zai yi jifan juriya duk sa'a ɗaya ko gajiya ta kama shi. Sai a ce Bagafe a wannan jifan ƙaramin yake ɗauka. Ba kullum zai ji shi ba, sai ranar da ayari ya rasa rijiya.

Amma ni raunin da zan zaɓa hayaƙi ne. Muna yara haka ake kama gafiya. A nemo duk bakunan raminta a toshe da dutse, a bar ɗaya, a cusa busasshiyar ciyawa a kunna, a yi ta fifita da faifai. Ba a daɗewa za ka ga farin wutsiyar nan, ta fito a gigice tana layi. Hancin da ya fi na kowa shi ne ya fi jin hayaƙi. Ka rubuta cewa hayaƙi, ƙura mai yawa, ko sihirin gajimare mai wari suna sa Bagafe ya ɗauki ƙaramin jifa, kuma hancinsa ya toshe har sai ya huta.

Baban Yara:

Kumatun ba laifi ba ne, har ma an taɓa yi. A wasan Starfinder da kamfanin Paizo ya fitar a 2017 akwai ysoki, masu kamar ɓera, suna ɗaukar kaya a kumatu har ƙafa ɗaya tsawo da faɗi da zurfi, wanda ya ɗan zarce jarkar lita 25. Ni a ganina ya yi wa halitta mai ƙafa 3 yawa, kuma laba 15 ɗinka ma haka. Ka ce ƙananan abubuwa huɗu, biyu a kowane gefe, kowanne bai fi abin da za a dunƙule a hannu ba. Fitarwa ta ci ɗan taɓa kaya ɗaya da doka ta yarda wa kowa a zagaye.

Muhimmin abu shi ne baki cike ba ya magana. In akwai abu fiye da biyu a ciki, Bagafe ba zai iya kiran kalmomin sihiri ba, ba zai iya yin ciniki ko ƙarya ga mai gadi ba. Mai magani da ke buƙatar karanta sihirin warkarwa dole ta zaɓa: mabuɗin da ke bakinta ko ran abokinta. Gafiya tsira da na bakinki, ka ga har labarin ya rubuta kansa. Kuma in aka buge ta ta suma, kayan su zube ƙasa kowa ya gani.

Yayar Gida:

Ni abin da ya tsaya min shi ne ka ce yarinyar ba ta jin daɗi. Lissafi ana gyara shi a zama ɗaya. Amma in ka rubuta cewa jinsi guda ɓarayi ne a jininsu, ka yanke wa duk wanda zai ɗauke su hukunci tun bai buɗe baki ba. Waɗanda suka ƙirƙiro wasan da kansu sun ja baya daga irin wannan. A dokokin 2024 sun cire ƙarin maki daga jinsi suka mayar da shi kan tarbiyya da sana'ar da mutum ya taso a ciki. Kai ma za ka iya, ko da kana kan 2014: bar ta ta sa 2 da 1 ɗinta inda take so. Mai magani lura take buƙata fiye da zafin nama.

Ka sake duba dabbar. Gafiya ba sata ta sani ba, tanadi ta sani. Raminta ɗaki-ɗaki ne, akwai na kwana, akwai na ajiya, har wurin bahaya daban. Mutanen da suka fito daga irin wannan halitta ai ma'aja ne. Su ne masu tsaron rumbun sarki, masu haƙa rijiya, masu sanin hatsin da ya fara ruɓewa tun ba a buɗe shi ba. Ka ba su tarihi: an taɓa yin fari na shekaru, biranen sama suka cinye irin shuka, Gafawa suka buɗe rumbunan ƙarƙashin ƙasa suka ciyar da mutane. Wasu garuruwa har yau suna girmama su, ba a ɗaura aure sai an kai musu ƙwarya. Wasu kuma suna cewa da ma hatsinmu ne suka tara. Ka ga zargin sata yana nan in kana son rikici, amma ya koma bakin wasu mutane, kuma ita tana da abin da za ta mayar musu.

Kafin ka rubuta komai, kira ta ku zauna. Ita za ta ɗauki Bagafiyar nan watanni, bari ta ƙirƙiro gaisuwarsu da abin da suke rantsuwa da shi.

Mai Jan Labari:

Allah ya saka da alheri, Yaya, da ku duka. Na sake rubutawa: haƙa a hankali, babu ganin duhu, hanci mai gane guba da cuta, kumatu masu ɗaukar abu huɗu suna hana magana, raunin hayaƙi, tarihin rumbu. Saura abu ɗaya. In babu ganin duhu, yaya suke zama a ƙarƙashin ƙasa? Fitila kuma ga hayaƙi.

Ɗan Zariya:

Ka ba su ji na kusa, Malam: duk abin da ke cikin ƙafa 10 suna sanin inda yake ta hanci da gashin baki, ko a duhu ƙirin. Kada ya wuce 10, kuma ya ɓace in hayaƙi ya toshe hancin. Ramukansu sai su zama matsattsu masu yawan kwana, tunda dogon zaure ba shi da amfani ga wanda ba ya hango nesa, kuma alamar hanya ta zama wari, wannan lungu daddawa, wancan kanumfari. Gwada shi zama biyu ko uku a mataki na ɗaya, ka lura ko sauran ukun suna samun abin yi, sannan ka kawo mana takardar mu gani.