Wane abu kuka taɓa cewa "ba na irinmu ba ne", daga baya kuka yi shi?

Hajara, Birnin Kebbi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanwata ta faɗi lissafi a NECO, ta rantse ba za ta sake zama ba, wai kanta ba na boko ba ne. Na yi magana har na gaji. Don Allah duk wanda ya taɓa sa wa kansa irin wannan takunkumi kuma ya cire, ya ba mu labari, zan karanta mata.

Baban Sadiƙu, Argungu: Wa alaikumus salam. Ambaliyar 2020 ta shanye min shinkafa tana gab da nuna, ko buhu ban ɗauka ba. A lokacin na ɗauka noman rani sai mai injin ban ruwa da jari, talaka kuwa sai damina. Wani dattijo a fadamarmu ya ce min, "Ɗana, kogi ba a hannunka yake ba, amma maƙwabtanka suna nan." Mu uku muka haɗa kuɗi muka sayi tsohon inji, muna yin karɓa-karɓa, kowa da ranarsa. Da aka cire tallafin mai a 2023, fetur ya gagare mu, sai muka kai wa makanike ya mayar da shi mai amfani da gas. Wahala akwai, amma tun daga nan ban sake zaman jiran damina ba.

Maman Fati, Jega: Ni da jikoki na shiga ajin yaƙi da jahilci. Ina saida ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, duk wanda ya turo kuɗi sai na nemi yaro ya duba min waya. Mata suka yi ta cewa, "Inna, boko da furfura?" Ranar da na karanta saƙon banki da kaina, na bi lambobin da yatsa ɗaya bayan ɗaya, hannuna har rawa yake. Hajara, ki gaya wa 'yata ta fi ni dama nesa ba kusa ba.

Malam Bello, Zuru: Allah Ya saka. Sai dai a bambance, jama'a. Wanda 'yan bindiga suka raba da gonarsa a Danko-Wasagu, ba raunin zuciya ne ya hana shi noma ba, kada mu ɗora masa laifi. Na yarinyar nan kuwa yana hannunta. Na koyar da lissafi shekaru, kuma yawancin masu cewa "ba na ganewa" tun firamare aka bar su a baya wajen rabawa da ninkawa, ba wanda ya koma da su. A fara daga can, sannan tambayoyin shekarun baya.

Hajara: Na gode, Malam. Akwai NECO ta masu zaman kansu wajen ƙarshen shekara. Na karanta mata na Maman Fati, ta yi shiru, sannan ta tambaye ni nawa ne kuɗin rajista. Wa ya san malamin lissafi mai haƙuri a nan Birnin Kebbi?