Ƙugin amfilifaya mai bawul ya hana ni sakat, a taimaka

Ɗan Jita: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na sayi tsohuwar amfilifaya ta jita 'yar Amurka, na hannu, mai bawul (kwalaben gilashin nan masu ƙara ƙarfin sauti) samfurin 6L6 guda biyu. Sautinta ba a magana. To amma da ta yi ɗumi sai ta kama ƙugi, "huuum", kamar injin niƙa daga nesa. Wuta mai bolt 120 take ci, don haka ta sitefdawun, wato taransifoma mai rage ƙarfin wuta, nake haɗa ta. Muna da wasan biki ranar Asabar. Wani ya ce in canza bawul ɗin gaba ɗaya. In saya?

Mai Ganga: Wa alaikumus salam. Canza su kawai ka huta, tawa haka na yi mata.

Baba Mai Rediyo: A'a, yaro, riƙe kuɗinka tukuna. Bawul ba ya araha, kuma sau da yawa ba shi da laifi. Amsa min abu uku. In ka zare wayar jita daga jikinta, ƙugin yana nan? In ka mayar da boliyum sifili, yana raguwa? Sannan a ina ka ajiye sitefdawun ɗin?

Ɗan Jita: Baba, na gwada yanzu. Da na zare waya ya ragu kaɗan. Boliyum a sifili ma akwai saura, mai kauri. Sitefdawun kuwa a kanta yake, saboda wayarsa gajera ce.

Baba Mai Rediyo: Sauke shi ƙasa, ka nisanta shi kamar taku biyu ko uku. Taransifoma yana baza maganaɗisu a kewayensa, kai kuma ka ɗora shi daf da bawul na farko, wato 12AX7, wanda aikinsa ya ɗauki ɗan ƙaramin motsi ya kumbura shi. Fikof ɗin jita, wato abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya, shi ma yana tsintar wannan maganaɗisun. In akwatin yana da tankin riba, mai sa sauti amsa-kuwwa, a ƙasansa, shi ma haka.

Na Agadas: Gaskiyar Baba. Mu nan a wajen biki da janareta muke wasa galibi, kuma abin da na koya shi ne ka riƙe jitar ka juya a hankali a inda kake tsaye. In ƙarar tana hawa tana sauka yayin da kake juyawa, daga ɗakin take shigowa ta fikof, ba daga cikin akwatin ba. Fikof mai naɗi ɗaya haka halinsa yake. In jitarka irin Stratocaster ce ta zamanin nan, sa makunnin a matsayi na 2 ko na 4, yawancinsu suna kashe ƙugin a nan. Don wannan matsalar ce ma Seth Lover ya ƙera wa Gibson fikof mai naɗi biyu a wajajen 1955. Kuma ka cire cajar waya da dogon ƙwai daga soket ɗin da kake amfani da shi.

Ɗan Jita: Na sauke sitefdawun, wallahi rabi ya tafi! Saura wannan mai kaurin da ba ruwansa da boliyum. Wani abu kuma, in leɓena ya taɓa makirufo hannuna yana kan tsirkiya, nakan ji ɗan tsunguli.

Injiniya: Tsaya nan, ɗan'uwa. Wannan tsungulin ya fi ƙugin damuna. Alama ce wayar ƙasa ba ta kai ga jikin amfilifayar. Duba filoginta, ƙafa biyu ne ko uku? Duba sitefdawun, da yawansu ramin na uku ado ne kawai, ba a haɗa shi da komai ba. Duba doguwar wayar da kake jan wuta da ita. Tsofaffin na Amurka masu ƙafa biyu suna da wani kafasito, ɗan abin da ke riƙe caji, tsakanin wayar wuta da ƙarfen jiki, in ya lalace wutar ta wuce kai tsaye zuwa tsirkiyar da ke hannunka. A cire shi, a sa waya mai ƙafa uku. Kada ka sake haɗa baki da makirufo sai an gyara.

Mai Ganga: Ni kuwa da na haɗa tawa da miksa ta yi ta ƙara, karya ƙafa ta uku na yi, ta yi tsit.

Injiniya: Oga, don Allah ka mayar da ita yau. Abin da ya same ka hanya biyu ce ta ƙasa tsakanin miksa da amfilifaya, suka yi zobe. Maganinsa ka ba su wuta daga soket ɗaya, ko ka sa akwatin DI, wanda sauti ke bi ta cikinsa zuwa miksa, mai taransifoma a tsakani ka danna maɓallin raba ƙasa. Can ake yankewa, a wayar sauti. Ta wuta kuwa ita ke tsaron ranka.

Baba Mai Rediyo: To mu koma kan mai kaurin. Yaro, kunnenka zai yi mana aikin mita. Wutarmu ta Najeriya da Nijar tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa. Bayan an tace ta a cikin amfilifaya, abin da ke saura yana kaɗawa sau 100. Danna tsirkiya mafi kauri a gaɓa ta 3 ka kaɗa, wannan muryar kusan 98 ce. In ƙugin ya yi kusan daidai da ita, 100 ke nan, kuma manyan kafasito na tace wuta nake zargi. Ruwan cikinsu yana bushewa da shekaru, zafinmu kuma yana gaggauta abin. In ƙugin yana can ƙasa da ita sosai, 50 ne, sai mu dubi wayoyin hita mai ɗumama bawul, masu bolt 6.3, ko rezisto biyu masu om 100 da ke daidaita su, ko bawul da ke yoyo tsakanin hita da katod, ƙarfen da take ɗumamawa.

Akwai na uku da ake mantawa. 6L6 ɗin nan biyu turawa da jawowa suke yi, kuma daidaituwarsu ce ke soke wani ɓangare na ƙugin. In ɗaya ya gaji, sai ya fito fili. Kashe fitilar ɗaki ka leƙa ta baya, in ka ga farantin ɗaya ya yi ja kamar garwashi, kashe ta nan take.

Ɗan Jita: Ba wanda ya yi ja. Ƙugin kuwa ya hau kan gaɓa ta 3 cif, har suna kaɗa juna. In buɗe in duba kafasiton?

Baba Mai Rediyo: Kul! Waɗannan suna riƙe bolt sama da 400, kuma suna iya ajiye shi bayan ka zare filogi. Na taɓa ganin bakin sukuddireba ya narke a kan irinsu. Kai wa mai gyara, amma ba kowane ba. Tambaye shi ko ya taɓa aikin rediyo mai bawul, kuma ya nuna maka yadda zai sauke cajin ta rezisto ya auna da mita kafin ya sa hannu. Sabbin da zai saka kada ƙarfin bolt ɗinsu ya gaza na tsofaffin, ya kuma kula da ƙafar da ke fulos. Kar ku kunna ta babu sifika, taransifomar fitar da sauti ce za ta ƙone, ita kuma samunta aiki ne.

Na Agadas: Ka riƙe 12AX7 ɗaya mai lafiya a jaka. In wata rana ƙugin ya dawo yana bin boliyum, kashe ta, bari ta huce, ka musanya na farko ka ji.

Ɗan Jita: Salam jama'a, na dawo daga wajen mai gyara a Sabon Gari. Kafasito biyu sun kumbura, ɗaya har ya fitar da farin gari a bakinsa. An canza su duka, an cire wancan da Injiniya ya faɗa, an sa waya mai ƙafa uku. Sitefdawun ɗin ma ashe ba a haɗa ƙasarsa ba, an haɗa. Bawul ko ɗaya ba a taɓa ba. Yanzu sai na kara kunne a sifika nake jin ɗan huci. Baba, Allah ya ƙara girma. Injiniya, Allah ya saka da alheri.

Baba Mai Rediyo: Amin. Wannan hucin na gado ne, bar shi. Ranar Asabar ka riƙa taɓa sitefdawun da bayan taransifomarta lokaci-lokaci, don an naɗa ta ne don wuta mai kaɗawa sau 60, a tamu ta 50 takan fi ɗaukar zafi. Sa mata ƙaramar fanka ta baya.

Mai Ganga: Injiniya, na sayo sabon filogi. Akwatin DI ɗin, mai batir ko marar batir?

Injiniya: Marar batir, mai taransifoma a ciki.