Wane suna ya dace da halittar da ba ta da gida sai ɗaya?

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu kishin harshe. Ina cikin shirya bayani da Hausa a kan tsibirin Sokotra domin masu sha'awar yawon buɗe ido, sai na ci karo da kalmar Turanci "endemic", wadda masana halittu suke siffanta dabba ko tsiro da ita idan ba a samun irinsa a daji ko'ina a duniya sai a wuri guda. Na kasa wuce ta, domin duk abin da yake kai matafiya wannan tsibiri a kanta ya rataya.

Sokotra yana ƙarƙashin ƙasar Yemen, yana cikin Tekun Indiya, kimanin kilomita 240 gabas da gaɓar Somaliya, kuma wanda ya duba taswira zai ga kusan layi ɗaya yake da Kano. A shekarar 2008 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin wuraren da duniya ta gada, bisa hujjar cewa daga cikin nau'o'in tsirrai 825 da ke can, kashi 37 cikin 100 babu su a wani wuri, haka nan kashi 90 na dabbobinsa masu jan ciki da kashi 95 na dodon-koɗinsa na tudu. Mafi shahara a cikinsu ita ce bishiyar nan mai siffar laima da ke fitar da jan ƙaro, wadda Larabawa suke kira damul akhawaini, wato jinin 'yan'uwa biyu.

Kalmar da ta fara zuwa bakin duk wanda na tambaya ita ce "ɗan ƙasa" ko "ɗan asali". Ban gamsu da ita ba, kuma bishiyoyinmu na gida sun isa hujja. Darbejiya baƙuwa ce a wurinmu, daga Indiya asalinta yake, duk da cewa ta cika tituna da ƙofar gidajenmu har yaro ba zai yarda cewa kawo ta aka yi ba. Kuka kuwa 'yar ƙasa ce, babu wanda ya kawo mana ita, to amma ba mu kaɗai ke da ita ba, domin ana samun irinta daga Senegal zuwa Sudan har kudancin Afirka. A tsibirin Madagaska akwai wasu nau'o'in kuka guda 6 waɗanda daji bai san su ba sai can. Matakai uku ke nan, kuma muna da sunan na farko da na biyu, na uku ne ba mu da shi. Idan muka ce wa kukarmu 'yar ƙasa, muka kuma ce wa kukokin Madagaska 'yan ƙasa, mun shafe bambancin da saboda shi aka ƙirƙiro kalmar tun farko.

Wani ɗan'uwa ya kawo "tilo", wadda tana da daɗin faɗi, sai dai tana sa mai sauraro ya ɗauka ƙwaya ɗaya ce ta rage, alhali bishiyoyin jinin 'yan'uwa dubbai ne a kan tuddan Diksam da dajin Firmihin na Sokotra. Ni kaina na so "ɗan gida-ɗaya", amma da na juya ta zuwa jam'i sai ta koma "'yan gida ɗaya", wadda kowane Bahaushe zai fahimta a matsayin dangi. "Na musamman" kuma ta yi faɗi da yawa.

Abin da hankalina ya kwanta da shi shi ne tushen "keɓe". Malamanmu sun daɗe suna cewa abu kaza ya keɓanta da wane, suna nufin babu wanda ya yi tarayya da shi a cikinsa, kuma wannan ita ce ma'anar da ake nema ba ragi ba ƙari. Saboda haka ina ba da shawarar mu ce "keɓantaccen jinsi", jam'insa "keɓantattun jinsuna", kuma a riƙa haɗa shi da sunan wurin a kowane lokaci: bishiyar jinin 'yan'uwa ta keɓanta da Sokotra. Na san ana cewa keɓantaccen wuri da nufin wurin da aka killace, amma kalmar "jinsi" da sunan wurin suna kawar da wannan ruɗani. Sharaɗin kawai shi ne a tuna maganar daji ake yi, domin ganin bishiyar a lambun masana a Turai bai cire mata keɓantuwarta ba.

Nacin da nake yi yana da dalili. A watan Nuwamba na 2015 mahaukatan guguwa biyu, Chapala da Megh, sun faɗa wa Sokotra a jere, suka tumɓuke bishiyoyi masu yawa, ga kuma awaki da ke cinye ƙananan tsiro kafin su kai ko'ina. Kuka idan ta ƙare a wani gari ana iya samo irinta a gari na gaba, amma bishiyar jinin 'yan'uwa idan ta ƙare a Sokotra, babu wani daji da za a je a ɗebo ta. Matafiyin da aka gaya masa ta keɓanta da wurin zai san nauyin abin da yake tsaye a gabansa.

Saura wani abu guda da nake roƙon likitoci da 'yan jaridarmu su lura da shi. Turawa suna amfani da kalmar "endemic" ga cuta, kamar zazzaɓin cizon sauro a Najeriya, amma a can ma'anarta ita ce cutar ta zauna daram a wurin, ba wai babu ta a wata ƙasa ba. Kada a ɗauki "keɓantacce" a kai ta asibiti. A wannan fage "cutar da ta zama 'yar gida" ta fi dacewa, kuma ina jiran ra'ayinku a kan duka biyun.