Wai fatar da ake nunawa a tallan man shafawa ta gaskiya ce kuwa?

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nake nema. Ƙanwata za a yi wa biki bayan babbar salla, baƙa ce kyakkyawa wallahi, amma tunda ta fara bin masu tallan mai a Instagram da TikTok ta bi ta tsani fatarta, ko hoto ba ta yarda a ɗauke ta sai da filta. Yanzu ta dage sai ta sayi wani haɗin mai da sabulu wai sati biyu za ta koma kamar ta cikin hoton, ga kuma maganin hips da take son haɗawa da shi. Na ce mata hoton nan gyara shi aka yi ta ce ni dai ban waye ba. Wai da gaske akwai mai fata haka ba ƙurji ba tabo? Kuma ya zan yi da ita don Inna ta zuba mata ido.

Abu_MaiHoto:
Wa alaikumus salam Hajiya. Sana'ata ke nan nan cikin Sakkwato, kuma wallahi babu wagga fatar ko ga ita mai tallan. Tun wurin ɗauka anka haske ta da fitilu, ga hoda, sannan a hau kwamfuta a buɗe Photoshop a goge ƙuraje da baƙin ƙasan ido, a sulɓe fata har ramukan gashi su ɓace, a ƙara haske, a matse ciki a buɗa ƙugu. Hoton "kafin" da "bayan" ma sau da yawa rana guda anka yi su, na farko a rage haske a hana ta murmushi shi ke nan. Ki ce ta riƙa duba bayan mai hoton, in ta ga ƙofa ko labule ko layin tayil ya karkace daidai ƙugu to jan shi anka yi. Mu ma hwa muna yi, amarya ta zo karɓar hotunan biki in ba ka haskaka ta ba sai ta ce ba ka iya aiki ba.

Nas_Hauwa:
Maman Ilham tun wuri ki tsaya mata. Yawancin haɗin nan da ake zubawa a roba ba suna ba lambar NAFDAC, cikinsu akwai sinadarai masu ƙarfi irin su hydroquinone mai dusashe launin fata da siteroid, wani ma har da makuri (mercury) mai guba. Siteroid shi ke sa haske da wuri amma yana sa fata ta yi siriri, nankarwa ta fito, jijiyoyi su bayyana kore-kore, ciwo kaɗan ya ƙi warkewa, in haihuwa ta zo da tiyata ɗinki ya yi wuyar kamawa. Makuri kuma ƙoda yake taɓawa. Ga ranar Sokoto, mai bilicin ta shiga ranar watan Afrilu kumatu su ƙone gaɓoɓin yatsu su yi baƙi, daga nan sai ta ƙara mai don ta rufe, haka ake kasa dainawa. A 2023 NAFDAC da kanta ta ce matsalar bilicin ta zama ta gaggawa a ƙasar nan. Maganin ƙibar nan kuma, sha-ka-fashe, galibi dexamethasone ne, shi ma siteroid, da maganin buɗe ciki, kumburi ne ba lafiya ba, yana iya jawo hawan jini da suga.

Ummi_Danfodiyo:
Anti su can da suka ƙirƙiro abin ma sun gaji da shi. A Ingila 2011 hukumar talla ta hana wani tallan kamfanin kayan kwalliya Lancôme na tauraruwar fina-finan Amurka Julia Roberts saboda gyaran ya yi yawa, ki duba fa Julia Roberts guda ba ta ishe su ba sai da suka goge ta. Faransa tun 2017 doka ce in an canza surar jikin mai talla sai an rubuta a jiki cewa hoton gyararre ne. A 2021 kuma takardun cikin gida na Facebook, kamfanin da ke da Instagram, suka fito, binciken su da kansu ya nuna Instagram na ƙara wa 'yan mata da yawa ƙin jikinsu. Mu nan muna da ARCON mai kula da talla amma wa zai bi mai saida mai a status ɗin WhatsApp?

Dan_Arkilla:
Ni dai ina ganin mata ku kuka ɗora wa kanku, wa ya aike ku? Mu maza ba mu ce a yi ba.

Hajiya_Luba:
Haba Malam, ba ku ce ba? Su wa ke cewa fara ko mayya ce? Kuma ba ku kaɗai ba, uwar miji ta zo ganin yarinya ta koma gida abu na farko da anka tambaye ta "fara ce?", kuma mu mata mu ke saka man bilicin cikin akwatin lefe da hannunmu. Maman Ilham ki fara binciken mi angon ko danginshi sunka ce mata, don da wuya waya kaɗai ta sa yarinya haka ana saura 'yan watanni biki. In gyara take so ki kai ta dilka da halawa da kurkum, ki biya da kuɗinki kafin ta tura ma mai haɗin nan nata.