Neman shawara: yaya ake zaɓen ruwan inabi mara barasa mai daɗi kuma mai sauƙin kuɗi?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka san kan abin nan. Ƙarshen wata mai zuwa iyayenmu za su cika shekara 40 da aure, ni da ƙannena muka ce za mu haɗa musu cin abincin dare, mutum 18 gaba ɗaya. Ni aka ɗora wa abin sha. Ina so in sa ruwan inabi na kwalba a teburi, wanda ba shi da barasa, don babu mai shan giya a cikinmu. Na sayo kwalba uku daban-daban in gwada tun kafin ranar. Ta farko zaƙi cau, kurɓa biyu ta ginshe ni, har leɓena yana danƙo. Ta biyu ja ce, ita ce ma ta fi tsada, amma ban ji komai ba sai tsami da bauri, kamar an tsinka ta da ruwa. Ta uku mai kumfa ce, ta yi daɗi ranar da na buɗe, washegari ta koma lami. Abin ya dame ni ƙwarai, domin kuɗin da muka ware ba shi da yawa, kuma burina Baba ya kurɓa ya ji an karrama shi. Me zan duba a jikin kwalba? Tsada ce ke nuna mai kyau? Kwalba nawa za ta ishe mu?

Baban Sadiya:
Wa alaikumus salam, Maman Ilham. Allah ya ƙara wa su Baba lafiya da nisan kwana. Na daɗe ina aiki a ɓangaren abinci da abin sha na otal, kuma kusan duk wanda ya kawo mini wannan koken matsalarsa ɗaya ce: ya sayi abu biyu mabambanta da ake sayarwa da suna ɗaya.

Na farko ruwan 'ya'yan inabi ne zalla. An matse shi, an dumama shi don a kashe ƙwayoyin yis ɗin da ke sa shi tsimuwa, sannan aka zuba a kwalba, wani lokaci a ɗura masa gas. Wani likitan haƙori a Amurka, Thomas Welch, shi ya fara yin haka a 1869, da hanyar dumamawa ta Louis Pasteur. Tunda bai tsimu ba, duk sukarin inabin yana nan daram, wajen giram 15 ko fiye a kowane mililita 100. Ina da yaƙinin kwalbarki ta farko irin wannan ce.

Na biyu kuwa an bar shi ya tsimu tsaf, yis ya cinye sukarin ya mayar da shi barasa, daga baya aka cire barasar. Barasa tana tafasa a digiri 78, amma idan aka zuƙe iskar cikin tukunya sai ta tashi a wajen digiri 30, ba tare da an dafe ruwan ba. Wani Bajamushe, Carl Jung, ya yi wa wannan hanya rajista a 1908 a garin Rüdesheim da ke bakin kogin Rhine. Yanzu akwai wasu hanyoyin, har da tacewa ta wata fata mai ƙananan ƙofofi. Kwalbarki ta biyu irin wannan ce. Dalilin da ya sa kika ji ta tsinke shi ne barasar ce ke ba ruwan kauri da nauyi a baki, kuma takan kai kashi 12 zuwa 14 cikin ɗari na abin da ke kwalbar. Idan ta fita, tsami da bauri su ke rage a fili ba mai rufe su. Ja ya fi shan wahala a nan, saboda da ɓawon inabin ake tsima shi, daga ɓawon da 'ya'yan ciki baurin ke fitowa, irin wanda ake ji idan ganyen shayi ya daɗe a ruwan zafi.

Don haka ki juya kwalba ki karanta bayanta kafin gabanta. Ki nemi layin sukari. Waɗanda aka cire wa barasa da suka bi ta hannuna yawanci tsakanin giram 2 zuwa 6 suke a mililita 100. Daga wannan lambar kaɗai za ki san wane iri ke hannunki tun ba ki buɗe ba.

Lissafin kwalba kuma: kowace mililita 750 ce, tana ba da kofi 6 idan ba a cika hannu ba. Mutum 18 kofi bibbiyu, kwalba 6 ke nan. Ki sayi 8.

Maman Ilham:
Yaya Baban Sadiya, na gode sosai. Yanzu na ɗauko kwalaben na duba, ta farko giram 16 aka rubuta, ja ɗin giram 3. Ashe amsar tana jikinsu. To wane iri kake ganin zai fi dacewa da manya?

Baban Sadiya:
Idan kina son na biyun, ki nemi fari ko mai kumfa, kuma ki duba sunan inabin. Muscat da Riesling da Gewürztraminer inabai ne masu ƙarfin ƙamshi tun daga gona, ko an cire barasa ƙamshin ba ya gudu duka. Kumfa kuma tana cike gurbin kaurin da aka rasa, shi ya sa ta ukun ta fi burge ki. Ja mai araha da aka cire wa barasa, gaskiya ba kasafai yake faranta rai ba.

Malam Habu:
Ƙanwata, kafin a yi nisa ina so in ja hankalinki ga wani abu, tunda kin ce babu mai shan giya a cikinku. Rubutun "mara barasa" ba ko'ina yake nufin babu ko ɗigo ba. A dokar Tarayyar Turai ta 2021, ruwan inabin da bai wuce 0.5% ba ana iya rubuta masa "dealcoholised", wato wanda aka cire wa barasa. Akwai ma wanda aka rage wa barasa kawai ba a cire duka ba, shi ya haura 0.5%. Saboda haka ki nemi lambar da idonki: 0.0% daban, 0.5% daban. Sannan ko 0.0% ɗin ne, asalinsa ya zama giya kafin a cire, kuma malamai sun saɓa a kan hukuncinsa. Wasu kamfanoni suna da shaidar halal a jikin kwalba, wasu ba su da ita. Ki tambayi malamin da kika amince da shi, ki kuma tambayi Baba ra'ayinsa tun yanzu, kada a zo teburi ransa ya sosu. Ruwan inabin da bai taɓa tsimuwa ba babu wannan takaddamar a kansa. Idan kuma akwai mai juna biyu ko mai ciwon sukari cikin baƙin, lambar barasa da ta sukari sun shafe su.

Maman Ilham:
Wallahi Malam ban san da wannan ba. Na kira Baba yanzu, ya ce shi dai a ba shi wanda bai taɓa tsimuwa ba, hankalinsa ya fi kwanciya. Mama ma haka. To ga shi zaƙin ne ya kore ni tun farko.

Anti Ladi:
'Yata, kada zaƙin ya sa ki fid da rai, yana da magani. Ba duk ruwan inabi zalla ne ke ginsa ba, wanda ya rasa tsami shi ke ginsa. Idan zaƙi ya samu tsamin da zai riƙe shi, sai ki ji baki ya wartsake, yawu ya tsinke, kina son ki ƙara. Sanyi ma yana danne zaƙi, abin da ya gundure ki da ɗumi zai iya zama daidai a digiri 6 zuwa 8. Ni abin da nake yi, in zuba kashi biyu na ruwan inabin, kashi ɗaya na ruwa mai gas mara sukari, a cikin kofi. Zaƙin ya sauka, kumfar ta tashi, kwalba kuma ta yi auki.

Amma bari in koya miki yadda ake ɗanɗanawa, don na ga ɗaya bayan ɗaya kika gwada naki, a ranaku daban. Harshe ba ya riƙe abin jiya. Ki sayo iri uku ko huɗu, ki sa su firji lokaci guda. Ki ba wani ya naɗe kowace kwalba da takarda har wuya, ya rubuta 1, 2, 3, 4, kada ke ma ki san wacce ce wacce. Ki kira ƙannenki biyu. Kofunan gilashi iri ɗaya, a wanke su tas kada ƙamshin sabulu ya rage, kuma kada kowa ya fesa turare ko ya goge baki da man haƙori dab da lokacin. A zuba kaɗan, kamar faɗin yatsa biyu. Ki ɗaga kofin ki kalle shi a gaban farar takarda: ya zama garau, fari kada ya koma ruwan ƙasa, don wannan alamar tsufa ce ko zafi ya dafa shi. Ki juya kofin a hankali ruwan ya zagaya bango, ki sa hanci ciki sosai. Kina neman ƙamshin 'ya'yan itace ko na fure. Idan kika ji warin jiƙaƙƙen kwali, ko na alewa mai kala, ajiye shi gefe. Sannan ki kurɓa, ki bar shi ya zagaya baki kafin ki haɗiye, ki ƙirga a zuci har ɗanɗanon ya ɓace. Wanda ya ɓace kafin ki kai uku ba shi da komai. Wanda ya bi ki har takwas ko goma, riƙe shi. A kuskure baki da ruwa tsakanin kowanne, a fara da mai ƙarancin sukari a ƙare da mai yawa. Kowa ya rubuta nasa a ɓoye kafin a yi magana, in ba haka ba duk sai su bi bakin babba.

Sai ki sake zagaye na biyu da loma ɗaya ta abincin da za a ci ranar. Abinci mai maiƙo yana son tsami da kumfa, mai yaji yana son ɗan zaƙi.

Hajiya Uwani:
Ni dai a ganina shekara 40 ba wasa ba ce. Araha ba ta ado. Ku ƙara kuɗi ku sayi mai tsada ko da kwalba huɗu ce, iyaye sun fi ƙarfin haka.

Anti Ladi:
Hajiya, niyyarki mai kyau ce, amma ai mai tsadar ce ta ba Maman Ilham kunya a gwajin farko. Naɗe kwalba da na ce a yi ba ni na ƙirƙiro ba. A 1976 a birnin Faris, wani ɗan kasuwa Bature ɗan Ingila, Steven Spurrier, ya tara manyan masana na Faransa suka ɗanɗana giyar inabi ba su ga sunaye ba. A fari da ja duka, na Kalifoniya ne suka zo na ɗaya, a lokacin da babu mai ɗaukar su a bakin komai. Idan sunan kwalba da farashinta suna iya rufe idon ƙwararru, balle mu.

Baban Sadiya:
Hajiya tana da gaskiya ta fuska ɗaya. Akwai arahar da ya kamata a guje wa. Wasu kwalaben an yi musu kwalliya da zinariyar takarda a wuya da waya a murfi, amma abin ciki ruwa ne da sukari da kala da sinadarin ƙamshi. Ana jera kayan haɗi ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, saboda haka ki karanta na farko. Idan ruwa da sukari suka riga inabi, lemo ne aka sa wa riga. Ki nemi wanda inabi ya zo farko, in da hali ɗari bisa ɗari.

Amma daga nan zuwa sama, yawancin ƙarin kuɗin na kaurin gilashi ne da toshiyar kwalba da talla da suna. Sifaniya ta fi kowace ƙasa faɗin gonakin inabi, yankin La Mancha kaɗai yana fitar da farin inabin Airén mai ɗimbin yawa, shi ya sa kayansu ke zuwa da sauƙi ba don sun lalace ba. Murfi mai murɗawa ma ba aibi ba ne, da shi Ostareliya da New Zealand ke rufe yawancin nasu.

Jummai:
Maman Ilham, a kan wadda ta koma lami: gas ɗin ne ya fita. Maganar a sa cokali a bakin kwalba ba ta aiki, na gwada. Akwai murfi na musamman mai kama bakin kwalba da ƙarfi, shi ke riƙe kumfa kwana ɗaya zuwa biyu a firji. Kuma tunda babu barasar da za ta tsare shi, da an buɗe yana saurin lalacewa, kada ya wuce kwana uku. Wajen saye ki duba ranar ƙarewar wa'adi, ki ɗauki ta can cikin kanta, ba wadda ta sha rana ko hasken fitila a gaba ba, musamman idan gilashin fari ne.

Maman Ilham:
'Yan uwa na dawo da labari. Jiya muka yi yadda Anti Ladi ta ce, ni da ƙannena biyu, kwalba huɗu duk na inabi zalla. Maigidana ne ya naɗe su. Mu ukun duka lamba 3 muka rubuta, fari ne mai kumfa na Muscat, yana da ɗan tsami a ƙarshe da ke wanke baki. Da aka warware takardar, shi ne na biyu wajen araha. Mafi tsadar ta zo ta uku a wurina, ƙanwata ma ta ƙarshe ta sa ta. Mun gwada shi da ruwa mai gas kashi biyu da ɗaya, ya fi daɗi nesa ba kusa ba. Na kai wa Mama ragowar da yamma, ta shanye ta miƙo kofi a ƙara mata. Zan sayi 6 tunda za a sirka, da ja guda 2 don masu son kala. Yaya Baban Sadiya, firjinmu ƙarami ne kuma abinci zai cika shi, yaya zan yi da sanyaya su ranar?

Baban Sadiya:
Madalla. Ba sai da firji ba. Ki samu babban bokiti, ƙanƙara rabi ruwa rabi, ki watsa gishiri cikin tafin hannu biyu, ki nutsa kwalaben har wuya minti 30 kafin a zauna. Ruwan ne ke kai sanyin jikin gilashi, ƙanƙara kaɗai ba ta yi da sauri. Ruwa mai gas ɗin ma ya shiga bokitin. Kada a buɗe duka lokaci guda, bibbiyu dai, kuma wajen buɗewa a karkata kwalbar, a riƙe toshiyar da tawul, a juya kwalbar a hankali, bakinta yana kallon inda babu kowa. A fara zuba wa Mama da Baba.