Neman kalma: me za mu kira "hurling" da Hausa?

Mai shirin wasanni: Assalamu alaikum. Jama'a a taimaka, gobe da ƙarfe huɗu zan naɗi shiri a kan Michael Cusack, malamin makarantar nan ɗan ƙasar Ailan da aka haifa a 1847 a gundumar Clare. Shi ya kira taron garin Thurles ranar 1 ga Nuwamba 1884, inda aka kafa GAA, ƙungiyar da ke kula da wasannin gargajiyar ƙasar. Na gama rubutu, sunan wasan da ya fi ƙauna ne ya tsaya mini, wato hurling. Mutum 15 kowane ɓangare, kowa da sandar katako mai faɗin kai, ƙwallon kuwa bai fi cikin tafin hannu ba.

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam Hajiya. Ƙwallon gora mana.

Tsohon tafinta: A'a, hoki ya riga ya ɗauke wannan sunan. A hurling ana cafe ƙwallo da hannu, ana ɗora shi a kan sanda a ruga da shi. In ya bi ta saman sandar raga maki ɗaya, in ya shiga raga maki uku. Cusack kuwa ya kafa ƙungiyar ne don kada wasannin Ingila su haɗiye na mutanensa. In kika ba wasansa sunan hoki, kin yi masa abin da ya yi ta faɗa a kai.

Ɗan Fagge: To a rubuta shi da lafazinmu, "halin".

Tsohon tafinta: Rediyo ne fa. "Wasan halin" mai sauraro zai tsaya jiran halin wa.

Malamin nahawu: Ƙwallon muciya. Ku dubi sandar da kyau. Tsarin da muka saba ke nan: ƙwallon ƙafa, ƙwallon kwando, ƙwallon dawaki. Abin da ido ya fi gani a wasan shi ake jingina wa ƙwallo.

Mai shirin wasanni: Allah gafarta malam, ina tsoron a yi dariya. Mutumin nan ya taso da harshen Ailan a bakinsa, shi kansa gwanin jifan dalma ne, ya buɗe makarantarsa a Dublin yana shirya ɗalibai jarrabawar shiga aikin gwamnati. Ba na so masu sauraro su ɗauka wasan yara ya kafa wa ƙungiya.

Malamin nahawu: Dariyar me? Kwando ya fi muciya daraja ne? Matsalarmu ke nan, kalma in ta fito daga madafa sai mu ji kunya, in ta fito daga London mu rungume. Shekara nawa ina koyar da ƙirƙirar kalmomi, 'yan jarida ba sa tuntuɓarmu sai aski ya zo gaban goshi.

Ɗan Damagaram: Malam, wa ya ce sai abin da Kano ta yanke? Mu ma nan muna da gidajen rediyo, amma ba a taɓa tambayarmu. In muka ari kalma daga Faransanci a ce ba Hausa ba ce.

Ɗan Fagge: Ɗan'uwa, ba wanda ya ambaci Kano a nan.

Malamin nahawu: Ni dai muciya nake cewa, kuma muciya ce har Damagaram.

Tsohon tafinta: Mu koma kan buƙatar baiwar Allah nan. Hajiya, ambaci hurling sau ɗaya a farko, ki yi bayani a jimla guda, daga nan ki riƙa cewa ƙwallon sanda na Ailan. Kada kuma ki manta, an cire Cusack daga sakataren ƙungiyar a 1886, shekara biyu ba su cika da kafa ta ba. Ya rasu a 1906, yau kuma akwai rumfar 'yan kallo mai sunansa a filin wasa na Croke Park da ke Dublin.

Mai shirin wasanni: Na gode Baba, haka zan yi. Ya ɗan yi tsawo a baki, amma lokaci ya ƙure.

Malamin nahawu: Wannan bayani ne, suna bai samu ba tukuna. Yi shirinki, Allah ya ba da sa'a. Ni a ajina muciya zan ci gaba da cewa.